Lokacin da Hajiya Ta Daina Ɗanɗana Tukunya

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin nan ita ce ranar da Hajiya Zuwaira, mai rumfar nan, ta miƙo mini ludayi da sassafe ta ce, "Asana, daga yau ke ce bakina." Na tsaya ina kallonta, don tun da na fara aiki ban taɓa ganin ludayin nan a hannun kowa ba sai nata.

Ku da kuka zo daga baya, bari in tuna muku yadda tsarin yake. A rumfarmu ta waakye, wato shinkafa da wake, a nan Maamobi aiki hawa-hawa ne. Sabuwar zuwa da wanke-wanke take farawa. In ta daɗe a ba ta tsintar wake da wanke ganyen dawa, wanda ke ba shinkafar launinta. Daga nan sai wuta, daga wuta sai miya da shito, soyayyen yajin nan, sannan zuba wa masu saye, inda nake a lokacin. A saman duka akwai ɗanɗano, shi kuwa na mai rumfa ne ita kaɗai. Ba a sauke tukunya sai ta sa baki ta ce ta yi.

To ɗanɗanon Hajiya ba irin na matsorata ba ne da ake lasa a tafin hannu. Ludayi take cikawa, ta ɗora taliya, ta barbaɗa garin rogo, ta sa shito, wai sai an haɗa ake jin gaskiyar abinci. Tukunyarmu kuma ba ɗaya ba ce. Jiki dai magayi: direbobin tashar Tudu in za su yi wa baƙo kwatance, cewa suke ya nemi Hajiya mai cika benci. Ba ta jin haushi. Takan ce, "Wa zai sayi abinci wurin mai wuya kamar na zabuwa?"

A ranar ta ja ni bayan rumfa ta faɗa mini dalili. Kowa a unguwa ya san ɗanta Bashiru, tela a Nima, ƙodojinsa sun gaza, yana zuwa asibiti ana wanke masa jini da na'ura, ya dawo kamar an matse tsumma. Abin da ba a sani ba shi ne Hajiya ta je a ɓoye an gwada ta don ta ba shi ƙoda ɗaya. Jini ya dace, ba ta da ciwon sukari, amma likita ya ce nauyinta ya yi yawa: aikin zai yi haɗari, kuma ƙodar da za ta rage mata za ta sha wahala. Ya ba ta 'yan watanni ta sauke, ya tura ta wurin mai ba da shawarar abinci. Wannan ta ce ban da shinkafa, ban da tuwo, doya, burodi, gari, taliya da sukari. Hajiya ta riƙe kifi, ƙwai, ganye da ɗan nama. Hajiya ta ce mata, "'Yata, ai duk sana'ata kika lissafo."

Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, musamman Bashiru. Ta ce, "Ba zan ɗora masa rai a kan abu ba, sikeli ya zo ya sauke shi. Sai likita ya ce to." Na ga idonta ya kawo ruwa, na ji tausayinta ya kama ni. Na karɓi ludayi.

Ni kuma da yake a wurinta na koyi aiki, irin ɗanɗanonta na iya. Ba a cika wata biyu ba sai abin ya fara nunawa: Hajiya na sauka, ni ina hawa. Wani mai doya daga kasuwar Agbogbloshie, wanda kullum yake karyawa a wurinmu, ya dube mu ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Anti Asana, yaya ne? Hajiya ya rame paa, ke kuma kina ta zuwa gaba. Ko jikin ne ya canza adireshi?" Layi ya kwashe da dariya.

Kun dai san Zango, unguwanninmu na Hausawa. A wurinmu babu wanda yake ramewa da gangan; in mutum ya rame, ko ciwo ko damuwa. Mata suka yanke cewa ciwon Bashiru ne yake cin uwarsa, kuma maganin damuwa a wurinmu kwano ne. Sai kwanuka suka fara zuwa: koko da ƙosai da safe, masa, fura mai nono, burodin sukari. Kwano kuma ba a mayar da shi cike, raini ne. Hajiya ta yi godiya har da addu'a, in mai kawowa ta juya baya ta turo mini da ƙafa. Wallahi babu wanda ya yi wa ƙodar Bashiru hidima da cikinsa kamar ni. Zanin da nake naɗawa da saura ya koma da ƙyar bakinsa ke haɗuwa.

Ana cikin haka wata ta hango ni bayan rumfa ina gamawa da masar da ta kawo. Kafin azahar magana ta kai kunnen Magajiya Lantana, shugabar matan unguwa, wadda ita ta riƙe Hajiya tun tana budurwa. Saura 'yan makonni a koma awon nauyi a asibiti, sai ga Magajiya da hantsi, lokacin da layi ya fi tsawo, da kwanon tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. Aka yi rashin sa'a Bashiru na zaune a inuwar rumfa yana hutawa, don jiya aka yi masa wanki.

Magajiya ta dire kwano ta ce, "Zuwaira, zauna. Na ji abincin mutane yana shiga wani ciki daban." Ta harare ni daga sama har ƙasa, kuma gaskiya akwai abin kallo. "Daga yau ni zan tsare ki, safe da yamma, sai wuyanki ya dawo. Ɗa yana ciwo, uwa kuma za ta kashe kanta. In kin faɗi wa zai duba shi?"

Hajiya ta ce, "Magajiya, azumi nake."

"Azumin wa? Da idona na ga kina tura ƙwai a baki ina shigowa."

Kowa ya san Magajiya in ta ce kullum, to kullum ɗin ne. Tuwo safe da yamma har ranar awo, duk wahalar watannin nan ta tashi a banza. In kuma Hajiya ta yi bayani, ga Bashiru yana ji. Gaba kura baya siyaki. Ta wanke hannu, ta yanki loma, ta riƙe ta. Ta dubi ɗanta, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta mayar da lomar cikin kwano.

Ta ce, "Magajiya, ki yafe mini. In na ci wannan na ci na gobe, sikelin asibiti zai hana Bashiru ƙodata."

Mai wuta ta bar fifita. Bashiru ya miƙe yana dafa bango. "Mma, wace ƙoda? Dabi, a'a, ban yarda ba. Ba za a yanka ki saboda ni ba."

Magajiya ta juya kansa. "Kai, rufe mana baki. Da ta ɗauke ka wata tara shawararka ta nema?" Sai muryarta ta karye, ta ja mayafi ta share ido. Ta turo kwanon wajena ta ce, "Ke kuma mai aikin ci, zo ki ƙarasa aikinki."

Bashiru ya yi kwanaki yana turjiya. Sai da ya bi uwarsa asibiti, likita ya zaunar da shi ya yi masa bayanin yadda mutum ke rayuwa da ƙoda ɗaya, sannan ya sauko. Unguwa kuwa a rana ɗaya ta juya. Kwanukan ba su daina zuwa ba, cikinsu ne ya canza: gasasshen kifi, dafaffen ƙwai, kabeji, miyar ayoyo babu tuwo. Mai burodi ta rantse ko Hajiya za ta yi kuka ba za ta sayar mata ba. Bayan sallar asuba mata kan taru su ja ta tafiya har Nima su dawo, Magajiya a gaba da sandarta. Ni ma aka ce in bi, wai na fi Hajiya bukata.

Ranar awo ni na raka ta. Kafin ta hau sikeli ta cire takalmi, ta cire awarwaro, ta ba ni jaka, har ta tambayi nas ko ta tofar da goron bakinta. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, kin yi ƙoƙari." Hajiya ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Aka ƙarasa sauran gwaje-gwaje, bayan babbar Sallah aka yi aikin, Allah ya tashi kafaɗunsu su biyu.

Da aka sallame su na je gida gaisuwa. Wataƙila ba ku sani ba, mai wankin ƙoda ko ruwan sha auna masa ake. Na tarar da Bashiru ya ɗaga kofi cike yana sha a hankali, uwarsa na kwance tana kallon maƙogwaronsa yana motsi. Da ya shanye ta ce, "Ƙara masa, Asana." Na ƙara masa, hawaye na zuba mini.

Mu masu abinci hanya ɗaya muka sani ta nuna ƙauna: mu cika wa mutum kwano mu tsaya a kansa. Ba laifi ba ne, da shi aka san mu. Amma tun daga lokacin, in wani ya ture kwano ya ce ya ƙoshi alhali na ga yunwa a fuskarsa, ba na yi masa dole, ba na kuma ɗauka raini ne. Ku ma ku riƙe wannan. Wataƙila da yunwar nan tasa yake ciyar da wani.