Hannun Hagun Awudu

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Awudu makwancinsa, kuma har yau in na ga yaro yana jifa da hagu a lungunan unguwarmu Maamobi sai in tuna shi.

Bahago aka haife shi, a gidan malami. Babanmu ya yi duka, ya ɗaure hannun da zani lokacin cin tuwo, duk a banza. Awudu ya koyi ci da rubutu da dama, amma jifa kam sai hagu. Da hagun nan wani baƙo mai koyar da wasan besbol ya gan shi yana kaɗo mangwaro, ya ja shi fili. Kafin mu farga yana Japan, ana biyansa albashi don ya jefa ƙwallo.

Ba shi yake fara wasa ba. Zama yake a gefe, sai mai jifan farko ya gaji, abokan hamayya sun taso, sannan a kira shi ya jefa wa mutum ɗaya ko biyu ƙwallo ya koma. Wata rana ya ɗumama hannu da jifan gwaji sau uku, a tashi ba a kira shi ba. Yakan ce mini, "Chale, ɗan'uwana, ni ɗan kwana-kwana ne, sai wuta ta kama ake tuna ni."

Abu ɗaya yake nema a duniya: Baba ya sa wa aikinsa albarka. Bai samu ba. Baba ya ce abin da hagu ta kawo shi ba ya ci. Awudu ya sake wa gidanmu rufi, ya buɗe mini shago a kasuwar Abossey Okai, amma ɗakin Baba haka ya ci gaba da yoyo, don ya hana a taɓa shi. Da gwiwar hannunsa ta lalace ya dawo gida, kullum cikin riga mai dogon hannu, ko da ana zafin da kare ke lahaula. Shi da Baba su gaisa da safe, shi ke nan. Ni kuwa ina tsakani, na rasa wanda zan ba haƙuri.

Yanzu yaran maƙwabtanmu na Nima a waya suke kallon wasan, masu koyarwa kuma nema suke su ga bahago. Da Awudu yana nan, na san dariya zai yi har da hawaye, ya ce ashe dukan da ya sha na zuwa da wuri ne.

Zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke shi. Baba da kansa ya yi masa wanka, ina zuba ruwa. Da ya gama dama ya juyo hagu, sai ya ga ɗinkin likita tun daga gwiwar hannu. Ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Aiki aka yi masa, Baba. Sau biyu."

"Yana masa ciwo?"

"Kullum."

Ya daɗe riƙe da hannun, har liman ya yi gyaran murya a waje. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

To me ya rage na Awudu? Ba kofin gasa, ba suna a jarida. Bara Baba, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya kira ni ya ce in nuna masa a waya yadda Awudu yake jifa. Na bincika ko'ina ban samu ba. Wa zai adana hoton mutumin da yake shiga fili ya fita kafin a gama shan shayi?

Sai na tsaya a tsakar gida, ni da furfurata, na ɗaga ƙafa, na wurga iska da hagu yadda nake iya tunawa. Wallahi ko kusa ban yi kama da shi ba.

Baba ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Sake yi."