Ƙirjin Ammu Fikri

Shekara talatin da ɗaya Ammu Fikri, wato Baffa Fikri a bakinmu, ya yi yana ɗaukar hoton ƙirji a ɗan asibitinmu da ke bayan garin Minya. Ni nas ce, sunana Ihsan, ƙofata na kallon tasa, kuma rabin rayuwata ya ƙare a faɗa da shi kan sigari. Ba likita ba ne, amma in ya ɗaga hoto a gaban fitila ya karkata kai, likitocin ma shiru suke yi su jira.

Masu fasa farin dutse su ne mutanensa. Ko me ya gani a huhun mutum, sai ya dafa shi ya ce, "Ƙirjinka fes, kamar madara," sannan ya ja ɗan'uwansa bayan ƙofa ya gaya masa gaskiya. Haka muke yi. Mai ciwo ba a gaya masa, ciwon ma ba a kiran sunansa, "mugun nan" ake cewa.

Bara aka kawo mana na'ura mai karanta hoto da kanta, ta zagaye inda take tuhuma da jan layi. Tun ranar farko ya tsane ta.

"Wannan ko tari ba ta taɓa ji ba, Ihsan. Komai ta gani sai ta shafa masa jan baki. Yau zan kunyata ta."

Ya tsaya a gaban injin ɗaukar hoton, ya sa ni na danna maɓalli, ya rubuta sunan ƙarya a kan hoton: Sabri, mai fasa dutse. Har dariya na yi, Allah ya yafe min.

Dokta Narmin ta buɗe hoton muna tsaye a bayanta. Jan layi ya fito a huhun dama, faɗin ƙwai. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ta yi kuskure ba," in ji ta. "Mutumin yana da tsohon hoto?"

Ya ce akwai. Shekara biyu da suka wuce ya ɗauki hoton kansa don gwada injin, bai sa suna ba, ya duba da idonsa ya ce lafiya lau. Ya kawo aka saka. Na'urar ta zagaye wannan wurin dai, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake.

"Kash. Da tun nan aka gani, da an cire. Wa ya duba wannan?"

"Wani tsoho ne, Dokta. Idonsa ya gaji."

"To, nemo min danginsa, Ammu. Shi kada ka gaya masa, ka san yadda ake yi."

"Na sani, 'yata."

Na bi shi ɗakinsa ina kuka ina zaginsa, shi da sigarinsa da taurin kansa. Ya bar ni na gama, yana ɗora shayi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba.

"Ba ni da kowa a garin nan, Ihsan. Ke za ki je bayan ƙofar."

Na je na faɗa wa Dokta Narmin wane ne Sabri. Ta zauna ta rufe fuska, daga baya ta ce wata biyar ko shida. Biyar ɗin ya yi a duniya.

Da na dawo ranar, na same shi zaune a kujerar marasa lafiya, hannuwansa a kan gwiwa.

"Me likita ta ce?"

Na dafa kafaɗarsa. "Ƙirjinka fes, kamar madara."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya miƙo min shayina.