Tsagar Kunnen Maraƙi

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da baƙuwata da 'ya'yanta biyu. Yaƙin Sudan ne ya koro ta. Ta ratso Chadi da Kamaru a bayan motar kaya, mijinta ya rasu a hanya. Kakanta mutumin ƙasar Gwaram ne, ya tafi hajji da ƙafa bai dawo ba. Duk gadonta takarda ce guda mai sunansa da sunan rugarsu. A tasha na tsince ta, maza sun kewaye ta suna juya takardar. Na karɓa na karanta musu. Ai da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don ado ba.

Motarmu ta cika har da kaji. Kuɗin mota ya tashi, direba na ta kukan man fetur kamar mu muka shanye shi. Damina kuwa ta yi albarka, gero da dawa sun kai ƙirji hagu da dama. A Gwaram na saya mana fura da nono, yaran suka lashe ludayi tas. Daga nan sai babur, ga laka har ƙauri.

Dattijon rugar ya saurare mu, ya ce, "Hajiya, wannan suna ai kowane gida akwai shi. Da me zan san ta?"

Na ce, "Baba, wadda ta tsallake iyaka uku da marayu ba ƙarya ta kawo maka ba."

In dai ya ce a'a, ba ta da inda za ta kai yaran nan. Sai ta durƙusa ta zana kunne a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta yi masa tsaga biyu a ƙasansa, ɗaya a tsini. Ta ce haka babanta yake yi wa dabbobinsa, wai alamar gidansu ce.

Tsohon ya sa aka jawo maraƙi daga turke. Ya kama kunnen, ya dubi ƙasa, ya sake duban kunnen. Tsagar iri ɗaya ce sak. Ya ce, "Ku share ɗaki, jikar Baffa ta dawo."

Ni kaɗai na koma Birnin Kudu da la'asar, ƙwaryar nono a cinyata. Ina taƙama da karatuna, kuma ban daina ba. Amma ranar nan na gane mutanenmu suna da rubutunsu tun kafin biro, rubutun da ya je Sudan ya dawo ba a ƙwace shi a kan iyaka ba.