Faifan Baba Nata'ala

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa samun Baba Nata'ala a gidansa na Yakasai ba. Zai ɗaure ƙafar wando, ya hau kekensa, ya ratsa hayaƙin 'yan adaidaita har asibitin ɗalibai na jami'a, inda yake ba da kati tun shekarar da soja suka miƙa mulki. Teburinsa na bakin ƙofa. A kai akwai akwatin katuna, da tarin takardun tambayoyi, da wani tsohon faifai da gefensa ya fara warwarewa.

Takardun wata malamar jami'a ce ta kawo su shekara shida da suka wuce, tana binciken yadda intanet ke cin ɗalibai. Tambaya ashirin ce da Turanci: sau nawa kake zarce lokacin da ka yi niyya, sau nawa karatunka ke taɓuwa, da makamantansu. Aikin Baba bai wuce ya miƙa ya karɓa ba. Amma ba a yi wata guda ba ya gano inda takardar ta gaza. Ɗan Kano ba zai zauna gaban dattijo ya rubuta aibinsa da hannunsa ba. Kowa "ba kasafai ba" yake zaɓa, alhali babban yatsansa na kan gilashin waya.

Shi ya sa ya ɗauko faifan daga gida. Duk wanda zai cike takarda sai ya ɗora wayarsa a kai. Baba kuma ya ɗauki carbi. Duk sanda idon ɗalibi ya koma kan faifai, sai ya ja ƙwaya ɗaya, ya yi masa istigfari ɗaya. Wanda lissafinsa ya yi yawa, ya tura shi wajen likita.

A haka ƙanena Abdulbaqi ya faɗo hannunsa. Maganin ciwon kai ya je karɓa. Ya riga ya faɗi jarrabawa sau biyu, saura ɗaya a kore shi, mu kuma a gida ba mu sani ba. Kullum kansa a sunkuye, ya ce littattafan duk a waya suke, Inna ta yi ta sa masa albarka.

Baba ya ba shi takardar tambayoyi. Ya cike, ya miƙa ya ce, "Baba na gama. Lafiya ƙalau nake."

"Takarda ta ce ƙalau. Carbi ya ce arba'in da ɗaya."

"Saƙo nake jira ne, Baba."

"Kowa haka yake ce min. Duk shekarun nan ban ga wanda nasa ya iso ba. Azahar ɗin jiya fa, ɗana?"

"Da La'asar na haɗa."

"Ta shekaranjiya?"

Baba ya kulle akwatin katuna, ya kama hannun Abdulbaqi har ofishin likita. Bai kira gida ba, bai gaya wa kowa ba. Yaron ne da kansa ya ba mu labari bayan wata huɗu, yana kuka.

Ba zan ce ya warke ba. Ya maimaita shekara guda, kuma har yau akwai ranakun da sai an kira shi sau uku kafin ya ɗago. Amma ba a kore shi ba. Ɗalibai da yawa kuwa sun fizge wayarsu daga kan faifan sun fice, Baba bai sake ganinsu ba sai a jerin waɗanda aka sallama. Yana tuna sunayensu. Malamar ta gama bincikenta, rahoto ya fito, babu sunan Baba a ciki. Asibitin dai ya ci gaba da amfani da takardun.

Baba, kai ne ka karanta abin da yaranmu suka ji kunyar rubutawa. Kai ne ka rufa musu asiri, ba ka kuma ƙyale su ba. Mai ba da kati aka ɗauke ka, ka yi aikin uba.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. An ce daga yanzu ta waya za a riƙa tura wa ɗalibai tambayoyin, kowa ya cike a ɗakinsa. Da aka gaya masa, cewa kawai ya yi, "To, wa zai kalli idonsu?"

Allah Ya saka da alheri, Baba, Ya sa ka gama lafiya. Ku kuma da ke zaune bakin wata ƙofa, malamai da ma'aikata da mu iyaye, kada mu tsaya a kan abin da aka rubuta mana, mu ɗago mu duba. 'Yata Sa'adiyya shekararta uku, ta riga ta iya birgima in an karɓe waya. Jiya na ajiye faifai a tsakar gida, na fara ɗora tawa. Kafin tuwo ya nuna na ja ƙwaya goma sha tara.