Wayar da ke Haɓar Zanen Inna Kadijatu

Inna Kadijatu ta tsufa a wata ruga bayan Randagi, tana wanki a kan dutsen rafi, tana shanya a kan sabara. Da daji ya ƙi zaunuwa, ɗanta na biyu, Abdulkahar, malamin makaranta, ya dawo da ita gidansa a Birnin Gwari. Ɗan farinta Hammadu ya ƙi barin shanu. Ba ta kama sunansa, don kunyar ɗan fari. "Mai shanu" take ce masa.

A dajin nan babu sabis sai a kan wani dutse. Duk Juma'a da hantsi Hammadu yakan hau ya kira ta. Alkawari suka yi: ranar da ya kira ba ta ɗauka ba, to ba lafiya, zai hau babur ya taho. Hanyar kuwa da salati ake shigarta, kuma ba duk wanda ya shiga ke fita ba. Shi ya sa Inna ke ƙulle ƙaramar wayarta a haɓar zane, inda a da take ƙulle goro.

Surukarta Nafisat tana da injin wanki mai aiki da sola. Yakan juya kaya ya ji nauyinsu kafin ya ja ruwa, ya wanke, ya busar, ya tsaya da kansa. Inna ba ta yarda da shi ba.

"Abin da ba shi da hannu," takan ce, "yaya ya san rigata ta bushe?"

Wata Juma'a cikin damina, Inna ta shiga wanka, ta rataye zanenta a ƙofa. Nafisat ta ajiye mata wankakke, ta jefa wancan a inji, ta danna. Murfin ya kulle.

Inna na fitowa ta ji kukan wayarta, can ƙasa-ƙasa, kamar ɗan maraƙi a cikin rijiya.

"Ke Nafisat! Ina zanena?"

Nafisat ta dubi gilashin murfin. Zanen na juyawa a hankali, ƙullin yana haske.

"Innalillahi! Inna, ban sani ba!"

Ta ruga ta rufe famfo kafin injin ya ja ruwa, ta zare wuta, ta ja murfin. Ya ƙi.

"Buɗe mana!"

"Ba ya buɗewa nan take, Inna, sai ya saki da kansa."

"Kawo taɓarya."

"Gilashi zai fashe a kan wayar. Don Allah ki yi haƙuri kaɗan."

Wayar ta yi shiru. Ta sake kuka. Inna ta durƙusa, ta manna goshi a gilashin, tana magana da Fulatanci kamar zai ji ta. Nafisat ta kira lambar Hammadu da tata wayar, aka ce yana kan wani kiran. Uwarsa yake ta nema.

Sai kukan ya yanke. Bai dawo ba. Yayyafi kawai ake ji a kan kwano, kuma a zuci Inna tana ganin ɗanta yana gangarowa daga dutse.

Murfin ya yi ƙas, ya saki. Inna ta zaro zanen, ta kwance ƙullin da haƙori. Nafisat ta danna mata lambar. Ta shiga, tana ta ƙara, kamar ba za a ɗauka ba.

"Inna?" Numfashinsa sama-sama, muryar na yankewa. "Har na fara sauka."

"Koma," ta ce. "Lafiyata lau. Hammadu, kada ka taho."

Nafisat ta ɗago kai. Ba ta taɓa jin sunan a bakin Inna ba.

Yanzu wayar a wuyan Inna take, a igiyar fata. Zanenta kuwa da hannu take wanke shi, ta shanya a igiya, ko da hadari ya haɗu.