Kaskar Awakin Inna

Tun da na haifi ɗiyata ta fari nake da fargaba guda: kada wani ciwo da ke kwance a jinina ya bi nono ya shige ta. Ina ƙarama a garinmu Liba na yi wata masassara mai ƙuraje wadda ta ƙi jin magani, sai da ta gaji don kanta ta sake ni.

Da ma'aikatan lafiya suka zo Jega ɗibar jini, na je da goyona. Ranar da sakamako ya fito, ma'aikaciyar ta ce an ga alamar na taɓa yin ciwon da kaska ke sawa. Na riƙe hannunta. "Malama, to ɗiyar ga da ke shan nonona fa?"

Ta yi dariya. "Ba ta abinta, ƙanwata. Ciwon ya daɗe da tafiya, abin da jikinki ya yaƙe shi da shi muka gani. Kun yi kiwo?"

Kiwo kam mun yi. Da la'asar ni da Inna, kakata, mukan zauna bayan rumbun gero, akuya kwance tsakanin ƙafafunmu, muna cire mata kaska a kunne muna fasawa da farce. Inna na tsokanata wai na fi akuyar raki. Da hannun nan, ba wanki, muke komawa kan cin gyaɗarmu. Har yau ina kewar zaman nan.

Ina roƙonki, 'yar'uwa, in kun cire kaska ke da yaranki, ku jefa ta wuta, ku wanke hannu da sabulu.