Sati Biyar Ba a Buga Curin Gwaji Ba

A safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, Baban Awo. Ƙanwarka ce ta kira ni ina tsaye a ƙofar wurin aiki da mabuɗi a hannu. Na daɗe ban buɗe ba.

Shekara tara muna aiki a ɗaki ɗaya, muna haɗa ƙafar roba. Kai ke kula da injin da ke narkar da zaren roba yana gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa, ni kuma ina saka wa waɗanda aka yanke wa ƙafa kofin da ya fitar, inda dungu ke zama. Ba ka taɓa buga wa mutum komai ba sai ka fara buga curin gwaji, ɗan abu kamar ƙwayar sukari, milimita ashirin kowane gefe. Ka auna, ka rubuta kwanan wata a gindinsa; shi ya sa muke ce maka Baban Awo. Sannan ka buga farantin gwaji mai ramuka biyar da turakunsa. Turke ɗaya ya ƙi shiga, to aiki ya tsaya har sai ka daidaita injin.

Na tuna wata tsohuwa da ta gaji da jira ta ce, "Ɗan nan, ƙafa na zo karɓa ko wasan yara na zo kallo?" Ka yi dariya, ka kawo mata shayi da hannunka, ka ce, "Yi haƙuri, Inna. Ido ba ya ganin rabin milimita, amma fata tana biyansa."

Da ka kwanta rashin lafiya, manaja ya ce gwajin yana cin minti arba'in, a bar shi, a ci gaba da buga kofuna. Na yi shiru, kuma wannan shirun ni zan amsa shi gaban Ubangijina. A asibiti ka tambaye ni, "Yaya, curin yau nawa ya ba da?" Na sunkuya ina gyara maka bargo. Ba ka sake tambaya ba.

Jiya na buga shi da kaina, yadda na sha ganin kana yi. Gefe biyu daidai, na uku ya gaza da kusan milimita ɗaya. Turaku uku suka ƙi shiga. A sati biyar ɗin nan mun sallami mutum sha bakwai, shida cikinsu masu ciwon suga, waɗanda kofi zai ci musu fata ba su ji ba, kuma gyambonsu ba ya saurin warkewa. Na zare wayar injin ban nemi izinin kowa ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sha huɗu sun amsa. Uku wayarsu ba ta shiga.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya nauyaya mizaninka. Ya ba mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka mata biyu haƙurin wannan rashi. Mu kuma Ya yafe mana sakacinmu.

Wanda duk ya karanta wannan, in ya san wani da ya karɓi ƙafa a wurinmu tun farkon Muharram, don Allah ya ce masa ya cire ta yau, ya duba dungunsa, ya zo.